Yamai zuwa Bilma ta sama: kilomita nawa ne, kuma wa ke samun kujera?

Baban Nana:
Assalamu alaikum ƴan uwa ƴan Tawa na nan Yamai da na gida. Takardar aikin ɗiyata Nana ta fito, ungozoma ce, an tura ta Bilma. Tun shekaranjiya uwarta ba ta ci abincin kirki ba. Na ce bari in kwantar mata da hankali, na sa ƙanenta ya duba cikin talho, ya ce tsakanin Yamai da Bilma kilomita 1,290 ne. Maƙwabcina da ya yi aikin soja a can ya yi dariya, ya ce in ɗora 300 a kai kafin mu fara magana. To wa ke da gaskiya, talho ko tsohon soja? Kuma in ta sama ne, awa nawa?

Mushe Sani:
Wa alaikumus salam Baban Nana. Allah ya sanya alheri. Dukansu biyu ba su yi maka ƙarya ba. Talho ya ba ka tafiyar tsuntsu, maƙwabcinka ya ba ka tafiyar taya.

Da na ga tambayarka sai na sauko da taswirar aji, na kafa ƙusa a Yamai, na ja zare zuwa Bilma, na ɗora zaren kan ma'aunin da ke ƙasan taswira. Ya ba ni kusan 1,300. Na sake da lissafi don kada a ce zarena ya saki. Yamai tana wajen digiri 13 da rabi arewa, Bilma ta haura 18 da rabi, kowane digiri kuwa kilomita 111 ne in kana hawa arewa, ka ga wajen 575 ke nan. Gabas kuma tsakaninsu ya kusa digiri 11, wanda a nan wajenmu yake ba da kamar kilomita 1,150. Ka haɗa su da lissafin nan na kusurwa uku da muke wahalar da yara da shi, ka faɗo kan 1,290. Yaronka ya yi daidai.

Ta ƙasa kuwa sai ka bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ka juya arewa zuwa gidanmu Tawa, Abalak, sannan Agadas: wajen 950. Daga Agadas zuwa Kawar, yankin da Bilma take, ya haura 600, kuma wannan babu gudro. Ka ga an tasar wa 1,600.

Hajiya Mariama:
Inna lillahi. Kawai ku ce an kai yarinya wata ƙasa.

Mushe Sani:
Hajiya, kin faɗi abin da ya fi ƙarfin wasa. Da zaren nan nawa, Bamako ta fi Bilma kusa da Yamai, wajen 1,100 ce. Abijan ma haka, ba ta kai 1,150 ba. Kwatano kuwa wajen 800. Mutumin Bilma in ya tashi sama, zai riga isa Kano ko Njamena kafin ya isa babban birnin ƙasarsa. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, jihar Agadas kaɗai ta cinye fiye da rabi.

Direban Kawar:
Mushe, da girmanka, amma ajiye zaren nan. Ni shekara goma sha ɗaya na yi ina jan kamyo tsakanin Agadas da Dirku, kusa da Bilma, ban taɓa jin wani hwasinja ya tambaye ni kilomita nawa ya rage ba. Abin da suka tambaya shi ne, kwana nawa, kuma ina rijiya ta gaba. Kilomita ɗari na gudro da kilomita ɗari na hamadar Tenere ba uwa ɗaya ta haihe su ba. Akwai ranar da munka tashi da asuba, munka kahe cikin rairayi, munka sauke mutane, munka rage iskar taya, yara sunka haƙa, sunka shimhiɗa ƙarahunan nan ƙarƙashin taya, mota ta yi taku goma ta sake nutsewa. Da magariba in ka waiwaya kana hangen tokar wutar da munka dafa shayin sahe. Wannan ranar sai ka rubuta ta kilomita nawa a taswirarka?

Baban Nana, in ta ƙasa za ta bi, ka lissafa mata yini guda cur cikin kar daga Yamai zuwa Agadas, wani lokaci har dare ya raba, don hanyar Tawa zuwa Agadas ta sha jiki. Sannan ta jira ayarin motoci mai rakiyar soja. Sannan kwana biyu ko ukku in mota ƙarama ce mai lahiya, in babba ce ya hi haka.

Mushe Sani:
Ban musa ba, Malam Direba. Amma tambayar da aka yi ta sama ce.

Direban Kawar:
To ai sai ka ba ta hukahukai.

Abdu Meteyo:
Salamu alaikum. Baba, bari in sa baki, don wannan ɓangaren abincina ne, a EAMAC, makarantar koyon aikin yanayi da sufurin sama, na yi karatu nan Yamai, aikin yanayi na filin jirgi nake yi.

Na farko, jirgin da za a ce ya nufi can ba Bilma yake sauka ba, Dirku yake sauka, wajen kilomita 45 arewa da Bilma. Daga nan sai mota. Na biyu, abin da Mushe bai faɗa ba kuma zarensa ya nuna masa: Agadas tana kusan kan layin. Yamai zuwa Agadas ta sama wajen 740 ne, Agadas zuwa Dirku wajen 560, jimla 1,300, kusan daidai da miƙewa kai tsaye. Shi ya sa tsayawa Agadas ba ratse ba ne. Jirgi mai farfela irin wanda ke gudun kilomita 450 zuwa 500 a awa zai yi Agadas cikin ƙasa da awa biyu, ya ƙarasa Dirku cikin awa ɗaya da wani abu. In ka haɗa da sauka da shan mai da tashi, wanda ya bar filin Diori Hamani da sassafe zai iya yin azahar a Kawar. In ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya, mai gudun wajen 300, sai ka ƙara.

Amma kada a raina lissafin kilomita, Malam Direba. Da shi ake auna mai. Matuƙi ba ya ɗaukar man zuwa kawai, dole ya riƙe na komawa wani filin in ya isa ya tarar ba a iya sauka. A kudu wannan ba wuya, daga Maraɗi zuwa Damagaram taku kaɗan ne. A Dirku kuwa in aka ce ka juya, Agadas kake dubawa, 560 a bayanka. Duk litar da aka ƙara, nauyin mutum ko jaka aka rage. Sannan zafi: iska in ta yi zafi takan yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. A Bilma watan Mayu da Yuni zafi yana haura digiri 40 kullum. Shi ya sa ake son tashi da sanyin safiya, shi ya sa kuma za ka ga ana auna ƴar jakarka kamar zinariya.

Hajiya Mariama:
Ɗana Abdu, duk na ji. Abin da ban ji ba shi ne inda ake sayar da biye.

Abdu Meteyo:
Nan ne gizo ke saƙa, Hajiya. Jiragen da aka fi sani da zuwa Dirku su ne na soja da na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHAS, wanda hukumar abinci ta PAM ke tafiyar da shi. Shi wannan na ma'aikatan agaji ne, ƙungiyar da ke da rajista ita ke rubuta sunan mutuminta. Ba kamar tashar kar ba ce da za ki je da kuɗinki ki ce a ba ki kujerar taga.

Direban Kawar:
Kun ji ko? Awa ukku ga mai kujera. Ga ɗiyar talakka kwana huɗu. Mushe, auna mini wannan da zare.

Mushe Sani:
Kai dai ba ka yafiya.

Alhaji Ɗan Illela:
Ni abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Shekarar da na sauke farali, mun tashi Yamai bayan isha'i, kafin gari ya waye muna ƙasa mai tsarki. An ce mini tsakaninmu da Jidda wajen kilomita 4,000 ne. Ƙanena kuwa da ya je Dirku neman kuɗi lokacin da zinariyar Jado ta ɓullo a 2014, da mahaifiyarmu ta rasu an buga masa waya ran Talata, bai iso Illela ba sai da aka share makoki na bakwai. Wanda ke Makka da ya riga shi.

Hajiya Mariama:
Allah ya jiƙan Inna. Ni abin da ke raina ba zuwan Nana ba ne, aikin da za ta je yi ne. Na yi shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa, rabinsu a ƙauyukan Abalak da Cintabaraden. Ranar da haihuwa ta gardama, jini ya ɓalle, ba ka da awa goma, wani lokaci ba ka da biyu. Na taɓa riƙe ledar ruwa da hannuna a bayan mota tun daga wani ƙauye har Tawa, hannun ya sage, in na sauke na sa ɗayan, mijin yana zaune kan taya yana ta salati. Mun isa da ita da rai, Allah ya yi da sauran kwana. To wannan a Azawak ke nan, inda gudro ke kusa. Yarinyar da ke Kawar in abu ya fi ƙarfin likitar wurin, babban asibitin jiharta yana bayan Tenere. Ita ce za ta tsaya gaban dangi ta ce a ɗauka ko a jira. Ku da kuke gardamar 1,290 da 1,600, wannan ne nisan da zai hana ta barci.

Baban Nana, ba don in tsorata ku na faɗa ba. Don ta shirya ne. Ta koyi gane matsala tun ciki na wata bakwai, ta tura mace Agadas da ƙafarta tun tana iya zama cikin mota.

Baban Nana:
Na gode Yaya Mariama. Wannan saƙon ita zan tura wa, uwarta ba za ta gan shi ba.

Kawu Bukar:
Salamu alaikum. Jikana ne ya ce ana maganar garinmu, na ce a ba ni talhon. Ni haifaffen Bilma ne, auren ƴar Tawa ya sa aka jefa ni cikin wannan zaure. Tun ɗazu ina karantawa, kowa na faɗin Bilma kamar bakin duniya. Nisa da ina? Ku ne kuke nesa da mu. Kafin a san za a yi wani gari wai shi Yamai, ayarin Abzinawa na zuwa Kawar da raƙuma dubbai, su kawo hatsi, su ɗauki kantu da dabino. Yamai ba ta zama babban birni ba sai 1926, da Faransawa suka ɗauke kujera daga Damagaram. Gishirin Kalala kuwa shanun Hausa sun san ɗanɗanonsa tun kakannin kakanni.

Ina yaro, in kaka ta yi, wajen watan Oktoba, sai mu hau tudu muna duban yamma. Ƙura za ka fara gani, sannan baƙin layi kamar tururuwa. Madugu a gaba, raƙuma ɗaure da juna, kowanne da damin ciyawarsa, don tsakanin Fashi da mu ba abin da dabba za ta ci. Mahaifiyata takan zuba ruwan gishiri mai kauri cikin kututturen dabino da aka fafe, ta kife, ya bushe ya zama kantu. A jera su a rana kamar sojoji. Ba wanda ya ce mana muna nesa.

Ɗiyarku za ta sha ruwa mai daɗi, akwai idanun ruwa da lambuna a garin, za ta ci dabino har ta gaji. Abu biyu kawai zan gaya muku: sanyin Janairu da dare ba wasa ba ne, ta zo da bargo mai kauri. Kuma kada ta yi addu'ar ruwan sama. Gidajenmu na da da ƙasar gishiri aka gina su, ruwan da aka yi a 2006 narkar da su ya yi.

Jallo Mai Nagge:
Kawu Bukar, Babarbare da alfahari! Gari ba ciyawa, ba nono, sai gishiri, amma a ce mu ne nesa. In ba don shanunmu na lasar kantunku ba, wa zai saya?

Kawu Bukar:
Bafillace, bawana, ashe kana nan. Je ka tambayi saniyarka wa ya fi muhimmanci tsakanina da kai.

Mushe Sani:
Kawu ya tuna mini da wani abu. Ƴan Yamai da ba su taɓa ganin Tenere ba, ku je gidan tarihi na Boubou Hama, itacen Tenere na nan an yi masa rumfa. Ƙaya ce guda ɗaya tilo da ke tsaye kan hanyar ayari, har taswira ta san da ita, wata mota ta buge ta a 1973. Yanzu ƙarfe aka kafa a gurbinta. Kullum in na kai ɗalibai sai wani ya tambaya yadda aka yi direba ya rasa inda zai bi a duk faɗin hamada sai kan itace ɗaya.

Direban Kawar:
Ba ni ne ba dai, lokacin ko tahiya ban fara ba.

Ɗan Autan Gweben:
Ni fa iyayena ku yi mini haƙuri, amma ina ga ana zagaye maganar. Don me za a ce ma'aikaciyar gwamnati da aka tura iyakar ƙasa ba ta da kujera a jirgi? Filin Dirku na nan, na Agadas na nan, na Tawa ma ga shi nan kwance, akuya ta fi jirgi zuwa wurin. In ana so malamai da ungozomomi su zauna a Kawar, a sa jirgi ko sau biyu a wata, a rage musu kuɗi. In ba haka ba kowa zai je ya sa hannu ya fara neman hanyar dawowa.

Abdu Meteyo:
Ƙanena, burinka mai kyau ne, amma jirgi ba ya tashi da fatan alheri. Tafiya da dawowa kilomita 2,600 ne. Man da za a sha a Dirku ma da tanka ake kai shi ta cikin rairayin da Malam Direba ya faɗa, ka ga kafin ya shiga jirgi ya riga ya yi tsada. Mutanen Kawar gaba ɗaya ba su da yawan da za su cika kujeru kowane mako da kuɗin aljihunsu. Sai dai in baitulmali ta ɗauki asarar, kuma wannan shawara ce ta siyasa, ba ta matuƙi ba.

Ɗan Autan Gweben:
To ta ɗauka mana. Uranium ɗin Arlit da aka yi wa hanya tun daga Tawa, ba daga jihar ya fito ba?

Alhaji Ɗan Illela:
Yaro, a bar wannan a nan. Zauren zumunci ne.

Abdu Meteyo:
Ƙari ɗaya, don kada a ɗauka mai kujera ya huta. Daga Disamba zuwa Maris akwai hazo. Yawancin ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, kuma Kawar na kusa da bakin hanyarta. Akwai safiyar da nake fita in duba alamomin da muke auna gani da su, hasumiyar ruwan da ke nesa ta ɓace, sannan bishiyar da ke kusa, har ya zama fitilun titin jirgi ma sai ka matsa. Rana ta koma kamar farin faranti, kana kallonta ido ba ya zafi. Irin wannan ranar sai ka ga manya da jakunkuna zaune a ɗakin jira tun safe, a ce musu sha ɗaya, a ce ƙarfe biyu, daga baya a ce gobe. Malam Direba a ranar yana iya riga su.

Direban Kawar:
Yau ka hwaɗi gaskiya, yaro. Ko da yake mu ma in iska ta tashi tsayawa mukai, mu juya wa iska baya, kowa ya naɗe kai. Wanda ya ce zai ci gaba, sawun da yake bi ya shahe, shi ke nan.

Hajiya Mariama:
Ni jirgin ma tsoronsa nake a wannan hamadar. Ba can ne na Faransa ya faɗi ba?

Mushe Sani:
Can ne, Hajiya, amma ba hamada ta kayar da shi ba. Jirgin UTA ne, ya taso daga Barazabil ya tsaya Njamena zai wuce Paris, bam ya tashi cikinsa ranar 19 ga Satumba 1989, mutum 170 suka rasu. Iyalansu sun je sun jera baƙaƙen duwatsu a wurin a 2007, suka fitar da siffar jirgi, har daga sama ana gani. Wanda ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgi cikin duwatsun Abzin shi ne Mano Dayak, a Disamba 1995, shi ne aka sa wa filin jirgin Agadas sunansa.

Baban Nana:
Mushe, don Allah ya isa haka, kada yaron nan ya karanta wa uwarsa.

Na dai gwada abin da na fara niyya. Na ce mata Hajiya, ta sama awa uku ne kacal. Ta ce to Nana ta saman za ta bi? Na ce a'a. Ta ce to don me kake gaya mini? Na rasa amsa, na fito waje.

Mun yanke za ta bi kar ran Alhamis, ta kwana biyu a Tawa wurin kakarta, sannan ta wuce Agadas. Malam Direba, mi za a saya mata?

Direban Kawar:
Bido biyu na lita ashirin, a ɗinke su cikin buhun algarara, in an jiƙa buhun ruwan na yin sanyi. Rawani ko babban mayahi, ba ɗan gyale ba. Tabarau. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino kada ta saya, can za ta iske. Man kaɗanya don leɓe da ƙahwa. Takardar aikinta ta sa cikin leda a jikinta, ba cikin jaka ba, ana tambaya a kowane shinge. Kuma ta nemi gaban mota ko da za a ƙara kuɗi, kada ta yarda a ɗora ta bisa kaya. In ta isa Agadas ka kira ni, akwai yaron da na koya wa tuƙi, har yanzu yana bin hanyar, zan sa ya riƙe mata wuri.

Kawu Bukar:
In ta sauka ta tambayi gidan ƙanwata, zan ba ka sunan ta talho. Kuma a aiko mini da yajin Tawa ta hannunta, a ba ƙanwar tawa, ta daɗe tana yi mini gori.

Baban Nana:
An gama, Kawu. Mudu nawa?